Tsanin Rumbunmu da Tafiyar Gaya

Ban taɓa ganin kogi ba. Na san tafki, na san Majiya, ƙoramar yankinmu, idan ta ɗauko ruwa da damina ta hana mu zuwa kasuwa, amma ruwan da ake cewa ba ya ƙafewa rani da damina, wannan a bakin ƙanena kawai na san shi. Shi ne autanmu, kuma Auta nake kiransa har yau da furfura ta cika masa gemu. Ni na riƙe shi bayan rasuwar mahaifinmu. Da ya girma ya bar noma ya koyi tuƙi, ya samu wani Alhaji mai kamyo, babbar motar kaya, da ke ɗaukar siminti daga Malbaza zuwa garuruwan yamma. Iyalinsa kuwa suna gida tare da nawa, a ƙauyenmu kusa da Dogarawa, gandu ɗaya, tukunya ɗaya. Shi yana aiko da abin taki da na ƴan ƙwadago, ni da yara muna noma, abin da Allah Ya ba mu mu zuba a babban rumbu.

Rumbun na laka ne, mahaifinmu ya gina shi, bakinsa a sama yake kamar na tulu. Ba a shigarsa sai da tsani. Idan an gama kaka muka cika shi da gero, sai in like bakin da laka, ba a ƙara buɗewa sai ruwa ya sauka an fara aikin gona. Kafin nan daga ƙananan rumbuna ake ci. Tsanin kuwa, na itacen giginya, kullum yana jingine a jikin rumbun. Tun muna yara muka tashi muka gan shi a wurin. Mahaifinmu ya kan ce gidan da ake ɓoye tsani ya riga ya rabu, sai dai ba a faɗa ba. Na ji wannan magana sau da yawa, ban taɓa zaton da ni take ba.

Wata shekara da aka yi albarka, bayan mun like rumbu, Auta ya zo hutu. Muna zaune a zaure yana shan shayi sai ya ce:

"Yaya, bana sai ka ga ruwan nan."

Na ce, "Wane ruwa?"

"Na Gaya. Ina da lodi zuwa can cikin sanyin ga. Na yi ma Alhaji magana, ya ce in ɗauke ka gaban mota."

"In gan shi in yi mi da shi? Ban ruwa zan yi?"

Ya yi dariya ya ajiye kofin. Ya ce idan an sauke siminti za mu shiga jirgin ruwa mai inji mu yi sama, har inda duwatsu suka matse kogin daga dama da hagu kamar katanga biyu. Ya ce dutsen ja ne, ya fi hasumiyar masallacin Konni tsawo, idan ka yi magana sai ya mayar maka da ita. Tsuntsaye suna gida a jikinsa, birai suna leƙo ka daga sama. Ya ce dole a je yanzu da ruwa ya cika, don idan ya janye jirgi ba ya wucewa. Yana faɗa yana nunawa da hannu kamar yaro.

Na amsa masa da to. A raina kuwa tambaya ɗaya ta tsaya. Mu a nan ana tafiya don ciniki, ko gaisuwar mutuwa, ko asibiti, ko cin rani. Ban taɓa jin wanda ya ɗaura kaya ya tafi kallon dutse ba. Dutse muna da shi a bayan gari, akuya ma ba ta kallonsa.

Shiri ya fara. Auta ya kai ni Konni a babur aka ɗauke ni hoto, aka sabunta mini katin shaida, don ya ce jandarma ba sa wasa a hanyar Doso. Ya saya mini takalmin roba, ya ce cikin jirgi akwai jiƙa. Ya saya mini rigar sanyi mai kauri. Duk abin da ya miƙo mini sai in karɓa in yi godiya, zuciyata kuma tana cewa, wannan hidima duk ta mene ce?

Sai abubuwa suka fara haɗuwa mini. Babban ɗan Auta an sa masa ranar aure, kuma na san hannun uban bai cika ba. Wata rana na ji matar Auta tana tambayar tawa ko geron bana zai kai mu wata kaka har a yi ragi. Tambayar mata ce ta bakin turmi, amma na ajiye ta. Sannan Auta ya ce lallai babban ɗana ya bi mu, don ya riƙa kama hannuna wajen shiga jirgi. To idan ni da babban ɗana muka tafi, wa ya rage a gidan daga ɓangarena? Mata da ƙananan yara. Ƴaƴan Auta kuwa majiya ƙarfi suna nan.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne baƙon da ya zo. Wani ɗan kasuwar hatsi ne da na sani a kasuwar Illela, mai sayen gero da kaka ya ɓoye sai ya yi tsada. Ya zo ƙofar gidanmu ya nemi Auta, ba ni ba. Suka koma gindin itacen bedi suna magana ƙasa-ƙasa, suna duba waya. Da zai tafi ya ɗaga kai ya kalli babban rumbu ta saman katanga ya ce, "Masha Allahu, bana kun gode Allah." Na ce Alhamdu lillahi. Da na tambayi Auta me ya kawo shi, sai ya ce, "Zancen tahiya ne, Yaya, ka bar mini." Ya yi murmushi irin na mai ɓoye abu.

Ina da taubashi, ɗan ƙanwar mahaifina, sa'ana ne, tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Na same shi a rumfar mai shayi, labarin tafiyar ya riga ya kai masa.

Ya ce, "Ga Bature nan! An ce za ka yawon buɗe ido. Ka sayi tabarau?"

Na ce, "Kai ko Galmi ba ka taɓa wucewa ba, bawan gidanmu."

"Ni ina da hankali ne. Wa ka barin rumbu cike ya tahi gaida dutsi? Ka tahi dai, tsoho. Kana can kana hira da birai, mu muna nan muna shan hurar geronka."

Mutanen rumfar suka fashe da dariya, ni ma na yi. Amma maganar ta bi ni gida. Na kwanta da ita, na tashi da ita. Na riƙa lissafa yadda za a yi: mu kama hanya, ƴaƴan Auta su jingina tsani, su fasa laka, a kwashe dammuna a amalanke zuwa wurin mutumin Illela, a sake like baki. Ba zan sani ba sai damina. Lokacin an sha biki, wa zai ce a maido?

Tambayar Auta kai tsaye ta yi mini nauyi. Fasa tafiya kuma ba ni da dalilin da zan faɗa. Sai dabara ta zo mini, kuma a lokacin na ɗauka ta masu hankali ce. Na ce idan babu tsani a gidan, duk mai son shiga rumbu sai ya je aro a maƙwabta, kuma aron tsani da rani ba ya ɓoyuwa a ƙauye. Kowa zai tambaya, gidan wane sun buɗe rumbu tun yanzu? Idon gari zai tsare mini geron. Abin da ban lissafa ba shi ne idon garin nan bai san nawa da na wani ba.

Ranar kasuwar Dogarawa, da rana ta take, gari ya yi shiru, na saɓa tsanin a kafaɗa na fita ta ƙofar baya. Ya fi yadda na zata nauyi. A bakin rijiya na tarar da mata uku suna jan ruwa. Suka gaishe ni, idanunsu na kan tsanin. Ɗaya ta ce, "Baba, gyaran ɗaki za a yi?" Na ce eh, na wuce.

Gidan taubashina na kai shi. Ya fito yana hamma, ya gan ni, ya ga abin da ke kafaɗata, hammar ta tsaya.

"Wanga ba tsanin kawu ba ne?"

"Shi ne. Aje mini har in dawo."

Ya dube ni da kyau. Tun da nake da shi ban taɓa ganin fuskarsa babu wasa ba sai ranar.

Ya ce, "Kai, ni wasa nike rannan. Maida shi tun ba a dawo kasuwa ba."

"Ni ba wasa nike ba."

"Auta ne hwa. Yaron da ka goya."

Na ce, "Goyo ba ya hana a girma a yi wayo." Na jingina tsanin a bayan ɗakinsa, na rufe shi da zana, na koma gida.

Matata ce ta fara lura. Ta tsaya a tsakar gida da ƙwaryar dakuwar da take yi mana ta guzuri, ta dubi jikin rumbun inda ƙafar tsani ta yi rami biyu a ƙasa saboda daɗewa. Ta ce, "Malam, ina shi?" Na ce na kai gyara. Ta koma kan dakuwarta. Matar Auta kuwa daga ranar ta daina aiko ƴarta da ruwan alwalata.

Ana gobe tafiya, da la'asar, Auta ya iso a babur don ya kai mu Malbaza mu kwana kusa da mota. Na riga na ɗaure kayana, na sa takalmin roba. Bai shigo da sallamarsa mai ƙarfi da ya saba ba. Ya wuce ni a zaure, ya je ya tsaya gaban rumbu, ya daɗe, sannan ya dawo ya zauna nesa da ni.

Ya ce, "Yaya, tun a tasha anka tare ni da zancen. Na ce ƙarya ne."

Na ce, "Gyara na kai shi."

"Gidan taubashi anka koma gyaran tsani?"

Maimakon in ba shi haƙuri, na ce, "To mutumin Illela mi ya zo yi?"

Ya dube ni kamar bai gane ni ba. Ya ce surukin mutumin ne ke da jirgin ruwa a Gaya. Ta hannunsa ya nemi a ajiye mana wuri, a kuma yi mana rumfa a ciki don kada rana ta dame ni. Ya so in gani da idona ba tare da na sani ba. Ya ce auren ɗansa kuwa babur ɗin nan zai sayar, har an yi ciniki.

Ya ce, "Ni na ga ƙasashe a bayan sitiyari, kai kana nan kana ciyar da ɗiyana. Na ce bari ko sau guda ka ga abin da nike gani. Ashe kai ɓarawo kake gani."

Na ce, "Auta, bari in ɗauko shi yanzu."

"Bar shi, Yaya. Ka huta. Ba na raba ka da rumbunka."

Ya tashi ya hau babur. Washegari ya tafi Gaya da yaron motarsa. Dakuwar guzuri yara suka cinye.

Da ya dawo bai yi faɗa ba, bai kai ƙara wurin kowa ba. Bayan bikin ɗansa ya aika aka kira liman da dattawan unguwa biyu, ya ce yana so a raba gandu tun ana ga maciji da juna. Liman ya yi nasiha, dattawa suka yi, ni ma na ce a yafe mini. Ya ce ya yafe har ga Allah, amma ba zai iya kama hanya yana tunanin ana tsaron hatsi saboda ƴaƴansa ba.

Da aka zo fitar da gero sai aka tuna babu abin hawa. Tun ranar nan kunya ta hana ni komawa ɗauko tsanin. Ni da kaina na tafi gidan taubashina, na saɓo shi, na biyo ta tsakiyar gari da hantsi, kowa yana ƙofar gidansa. Babu wanda ya tambaye ni ko gyaran ɗaki za a yi.

Aka fasa lakar da na like da hannuna, tana nan yadda na bar ta. Aka fito da dammuna aka kasa biyu. Aka je gona aka ja iyaka, daga baya aka dasa ciyawar gamba a kanta. Aka raba garemani da tukwane. Da aka gama sai liman ya nuna tsanin ya ce, wannan fa, ba ya rabuwa.

Auta ya ce, "Ku bar ma Yaya. Shi ya san inda aka aje shi."

Yanzu katanga ce tsakanin gidana da nasa. Muna gaisawa kowace safiya, idan ya yanka abu yana aiko mini da cinya. Ya daina tuƙi, idonsa ya yi rauni. Ya gina rumbunsa, aka yi masa tsanin ƙarfe a Malbaza, yana jingine a waje inda kowa ke gani. Wani lokaci ina jin muryarsa ta bayan katanga yana ba jikokinsa labarin jan dutsen da ke mayar da magana. Na kan matsa da tabarmata kusa in saurara. Bai ƙara ce mini in zo in gani ba, ni kuma ban da bakin roƙo.

Takalmin roban a gona ya ƙare. Tsanin mahaifinmu yana nan jikin babban rumbu, wanda tun daga shekarar ban ƙara cika shi ba.