Hoton da 'Yarsa Ta Nema

Jiya na warware baƙin labulen da muke kafawa a bayan ɗalibai, sai ƙamshin turaren Baba, dattijon da nake aiki tare da shi, ya buge ni. Shekara ke nan da rasuwarsa.

Ni da shi muke ɗaukar hoto a liyafar rawar da makarantun Dubai ke shirya wa 'yan ajin ƙarshe. Zauren otal ne mai sanyi kamar firji, kiɗa na dukan ƙirji, samari cikin kwat, 'yan mata cikin dogayen riguna. Kowa so yake a ɗauke shi da abokai. Baba kuwa ba ya sallamar ɗalibi sai ya ɗauke shi hoto shi kaɗai.

Wata yarinya 'yar Kano ta taɓa turo masa baki. "Haba Baba, khalas, ya isa haka mana, ƙawayena na jira."

Ya ce, "Ɗaga haɓarki, 'yata. Ran da gida za su nemi hotonki, ba na ƙawaye za su nema ba."

Na ji haushi, na ce zancen mutuwa ba maganar wurin biki ba ce. Goro kawai ya ɓantara.

A ɗakinsa na unguwar Abu Hail ya cika, a nan Dubai muka binne shi. Da 'yarsa ta bugo daga Kano tana kuka, hotonsa ta roƙa. Na bincike kwamfutarmu kaf, duk fuskokin 'ya'yan mutane ne. Ɗan hoton bizarsa kawai na samu, shi na tura mata.

Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya nuna mata fuskarsa a Aljanna.