Makullin Motar Eusebio

Baƙon da matar marigayi Eusebio ta kira yana zaune a kujerar direba, sigari a baki, yana kakkaɓe toka kan sitiyari. Makullin tsohuwar motar, ƙirar Chevrolet, yana maƙabartar garin Cienfuegos, a aljihun rigar da aka binne Eusebio da ita.

Ovidio, aminin marigayin, yana hararsa. Daga gani, wannan mai baƙin farcen bai taɓa rashin kowa ba.

"Bawan Allah, bi a hankali. Shekara arba'in Eusebio lallaɓa ta yake."

"To tsoho, je ka karɓo mana makullin wurinsa."

Baƙon ya cusa sukudireba a ramin makullin, ya doka da guduma, ya murɗa. Injin ya tashi. Kafin Ovidio ya ankara, hannunsa ya ɗagu don gaisuwa, kamar yadda ya saba kowace safiya in Eusebio ya tayar da motar.