Sista Rekiya da Majinyatan Aro

Rekiya 'yar Kurfi ce, mahaifinta mahauci, shi ya sa abokan aiki ke tsokanarta cewa tun a tsakar gida ta gama sabawa da jini. Ta yi kusan rabin rayuwarta tana aikin jinya a wani babban asibiti a Dutsin-Ma, a sashen da ake kai waɗanda suka yi haɗari. Ranar kasuwa, idan 'yan acaba suka kwashi juna, ita ake ƙwala wa kira, domin hannunta ba ya rawa a ɗinki, kuma jijiyar da ta gagari kowa ita ke samo ta. Ba ta da yawan magana. In majinyaci ya cika raki, sai ta jira ya numfasa ta ce, "Ka gama? To miƙo hannun."

Da aka karkata aikin lafiya zuwa matakin farko, wato a tare cuta a ƙauye tun ba ta kai mutum gadon asibiti ba, sai aka soma ɗibar tsofaffin hannu ana rarraba su ƙananan asibitoci. Rekiya ta faɗa wani ƙauye bayan Tamawa da ake kira Gidan Rabo. Ɗaki biyu ne da baranda, da dogon benci ƙarƙashin darbejiya. Ba likita, ba ɗakin tiyata. Abin da ya fi ƙarfin wurin, doka ta ce a tura shi gaba.

Farkon zuwanta ba ta ji daɗi ba, su ma ba su ji daɗinta ba. A wurin mutanen Gidan Rabo, wanda bai sha allura ba bai ga likita ba. Mutum ya zo da gudawa yana kwance mazagin wando tun daga ƙofa, sai ta haɗa masa ruwan gishiri da sukari, ta ɗora da bayani a kan wanke hannu. Suka sa mata suna Likitar Baki, wai maganinta duk surutu ne. Ita kuwa hannunta har ƙaiƙayi yake yi don rashin ɗinki.

Da zaman benci ya ishe ta, sai ta fara shiga gidaje. Matar da ba ta iya gaisuwa mai tsawo ba ta koyi zama a tabarma har a gama tambayar yara da kaji. Ta bi masu ciki da awo, ta bi jarirai da rigakafi, ta hau bayan babur zuwa rugagen Fulani. Ta matsa wa maza har suka yi wa rijiyar gari baki da murfi. A gidan suna ma ba ta ƙyale kowa ba, sai ta leƙa ɗaki ta ga ko an ɗaura gidan sauro ko an kai shi lambu an rufe tumatir.

Damina ta zo ta wuce ba a yi amai da gudawa ba. Wata daminar ta sake zagayowa, shiru. Ƙyanda ta shiga ƙauyukan gefe ta tsallake Gidan Rabo. Benci ya koma wurin kwanan awaki. Rekiya ta so garin nan so na gaske, abin da ita kanta ba ta zata ba, kuma babban burinta a bar ta a wurin har ta yi ritaya.

Mai unguwa Alu ne kaɗai hankalinsa bai kwanta ba. Tsohon ɗan kasuwar hatsi ne, ya san rumfar da ba ciniki rufe ta ake yi. Da ya ji masu duba aiki za su zo, ya dubi bencin nan wayam, sai ya ga ƙarshen asibitinsu ya zo, za a kuma ɗauke musu Sista. Bai gaya mata komai ba, domin a ganinsa alheri zai yi mata. Gida-gida ya aika, ya ce kowane gida ya ba da mutum, kuma kada wani ya zo masa da ciwon kai, a nemi cuta mai nauyi.

Ran da masu duba aikin za su zo, Rekiya ta dawo daga duba wata mai jego da hantsi, ta tarar ba wurin sa ƙafa. Benci ya cika, baranda ta cika, an shimfiɗa tabarmi har bakin hanya. Jibo mai faskare, wanda jiya ta wuce shi yana fasa kututture, ga shi kwance ya riƙe ciki yana nishi. Matan da ta sani sarai sun ɗaure kai da kallabi sun langaɓe. Kusan kowa amai da gudawa, don ita ce babbar cutar da suka fi tunawa. Kafin ta buɗe baki, mota ta tsaya.

Hajiya Bilkisu ce ta jagoranci baƙin, mace mai gilashi wadda ta daɗe a aikin. Mai unguwa ya tare ta cikin babbar rigarsa ta sallah.

"Kullum haka muke, Hajiya," in ji shi. "Ɗiyar nan ba ta hutawa. Wanga gari in babu ta, mun shiga uku."

Hajiya Bilkisu ta juya. "Sista, haka ne?"

Rekiya ta dubi tsohon. Yana tsaye gaban baƙi, gaban matan garinsa da 'ya'yansa, yana yi mata murmushin wanda ya gama taimako. Ta ce, "Yau dai ga su nan, Hajiya."

Hajiya ta durƙusa kan Jibo, ta ja fatar hannunsa, ta buɗe idonsa. Jibo ya ƙara ƙarfin nishi. Ta miƙe, ta ja Rekiya cikin ɗaki ta tura ƙofa.

"Ni ba yarinya ba ce, Sista. In cutar nan gaskiya ce, aikin da aka turo ki bai yiwu ba, kin mai da wurin ƙaramin babban asibiti. In kuma shiri ne, wani ya shirya shi, kuma sai maganar ta kai gaban hakimi. Wanne zan kai sama?"

Rekiya ta san abin da kiran hakimi ke nufi ga mai unguwa mai furfura. A tsayar da shi a fada a kira shi maƙaryaci, wataƙila ma a karɓe unguwar. Ta taga tana hango shi yana gyara wa wata tsohuwa tabarma.

"Ki kai na farkon, Hajiya."

"Kin san abin da zai biyo baya?"

"Na sani."

Ba a rufe asibitin ba, dama ba wanda ya yi niyyar rufe shi. Abin da aka yanke shi ne Sista Rekiya ma'aikaciyar babban asibiti ce, aikin ƙauye bai karɓe ta ba, a mai da ita Dutsin-Ma a turo wani. Tana can yanzu tana ɗinke 'yan acaba, hannunta bai manta ba. Sai dai an ce ta ƙara tsawon gaisuwa, kuma takan tsare majinyaci da tambayar inda suke ɗibar ruwa.

Ran da za ta bar Gidan Rabo, mata suka cika mata kwando da ƙwan zabi da kuka da daddawa. Mai unguwa Alu ya rako ta har gindin darbejiya inda mai babur ke jira. Ya rame a 'yan kwanakin nan. Ya matso kusa da ita yana murza hularsa.

"Ɗiyata, abu guda ke hana ni barci. Mi muka rage? Ko mutanen ne ba su isa ba? Wallahi da na sani, da har ruga na aika a kawo ƙari."

Rekiya ta ɗora kwandon a cinyarta, ta gyara mayafi.

"Sun isa, Baba," ta ce. "Kada dai ku bar rijiyar a buɗe."