Wai harsashin bindigata ya yi ƙanƙanta

Ina zaune ni kaɗai a gidan ɗana a unguwar Ainu Shams, can ƙasar waje, ina jiran lokacin shan magani, sai ga kiran Sabi'u, ɗan ƙanina da na bar wa bindigar farautata a gida.

"Baffa, zan musanya bindigar nan. Wani Bature mai rubutu kan bindigogi ya ce harsashinta ƙarami ne, ba ya kayar da gwanki."

Na ce, "To gwankayen da innarku ta riƙa soya muku kuna yara, zazzaɓi ne ya kashe su?"

Ya yi dariya. Na ce masa babban harsashi yana sa bindiga ta doki kafaɗar maharbi, kuma wanda ya sha dukan sau biyu yakan runtse ido kafin ya ja kunama. Sai ya sami dabba a tumbi, ta gudu da rauni, kuraye su ci. Matsowa kusa ake yi, a nemi bayan kafaɗar dabbar, khalas, shi ke nan.

Sai ya ce, "Na fasa, Baffa."

Yanzu ko kofin shayi na ɗauka hannuna rawa yake yi, amma wannan kam na sani. Maharba, in na yi kuskure ku gyara mini.