Lemun Zahra a Bokitin Fenti

Duk wanda ya san Sadisu kafinta ya san ba ya buga ƙusa a gidansa. A gidajen mutane kuwa, daga Garki har Maitama, Allah kaɗai ya san ƙusar da ya buga. Amma nasa rufin da noti yake ɗaure shi, ƙyaure da taga ma haka, don duk ranar da katafila ta taso ya kwance abinsa kafin ta iso.

Ba haka ya zo daga Zariya ba, Abuja ce ta koya masa. Rusau na farko yana kan rufin benen wani Alhaji aka yi shi. Ya dawo ya tarar da matarsa Zahra zaune a kan tabarma cikin rana, kwanon ɗakinsu ya cukurkuɗe kamar tsumma. Tun daga nan gari na faɗaɗa, su suna matsawa, har suka dangana da gefen Jiwa, inda wani tsohon manomi mai suna Kure ya yankar musu fili kusa da gonar doyarsa.

Kai, Sadisun nan bai iya zama ba! Shayi ma a tsaye yake sha. A teburin mai shayi kullum gardama ce: wasu su ce dole birni ya bi taswirarsa, wasu su ce to masu gina shi a sama za su kwana? Sadisu kuwa kunnensa na titi. Da ya ji rugugin babbar mota sai ya dire kofi.

Abu ɗaya Zahra ta taɓa roƙonsa.

"Malam, ko 'yar inuwa ba za mu yi ba?"

"A bokiti," ya ce. "Abin da ba zai hau mota ba, ba zai shigo gidana ba."

Ta kuwa samo bokitin fenti, ta shuka ƙwayar lemun tsamin da ta sayo a Zuba. Lemun ya sha yawo tare da su kafin a sauke shi bayan ɗaki a Jiwa. Da ciwo ya ɗauke Zahra, Sadisu ya mai da gindin bokitin wurin alwalarsa. Bai taɓa gaya wa kowa dalili ba, amma kewarta ce ke cinsa, kuma abin da ta bari ke nan mai rai.

Shekaru suka ja, rukunin sababbin gidaje suka cinye gonaki, sai ga jami'ai sun shafa jan fentin rusau a bangonsa. Wallahi har wani sanyi ya ji, abin da ya daɗe yana jira ya zo. Maƙwabta na ta salati, shi kuwa kafin azahar ya sauke kwano, ya cire ƙyaure, ya loda komai a a-kori-kura. Saura lemu.

Ya kama bokiti ya ɗaga, ko gezau. Ya sake yunƙurawa har bayansa ya amsa. Kure ya durƙusa ya tona ƙasa da yatsa, sai ga saiwa kaurin damtse ta fasa gindin bokitin ta nutse.

"Malam Sadisu, wannan ya riga ya zama ɗan gari," in ji Kure. Ya miƙo masa adda. "Sai dai ka sare. Amma gaskiya, in ka sare ba zai yi rai ba."

Direba ya danna hon. "Oga, mu tafi mana, ga su can a bakin layi!"

Sadisu ya juya addar a hannunsa. Ashe duk shekarun nan da yake kasa kunne, matar nan ta riga ta zauna. Idonsa ya kawo ruwa. Ya mayar wa Kure addarsa, ya je mota ya sauko da buta da tabarma.

"Ka yi gaba da kayan, zan same ka."

Ya yi alwala a gindin lemun, ya shimfiɗa tabarma a inuwarsa, ya zauna har da miƙe ƙafa. Rugugin katafila na ƙara matsowa, shi kuwa ko waiwaye bai yi ba.