Bukar da Tattalin Caji

Ban taɓa mantawa da ranar da aka kira ni daga Abuja aka gaya mini inda motata take ba, alhali ni mai ita ban sani ba.

Sana'ata sayar da motoci da bayar da haya a Azare. A wata damina wani kamfanin haƙa rijiyoyin burtsatse ya ɗauki motata da direbana, Malam Bukar, mutumin Yobe, don kai injiniyansu wajen Gololo. Suka ba shi wata na'ura kamar ƙaramar rediyo. Idan aka danna ta, takan aika kira zuwa tauraron ɗan'adam, shi kuma ya sanar da cibiyar ceto da ke Abuja sunan mai ita da inda take. Lambata aka rubuta a rajistarta. Na ɗauka ƙaƙale ne irin na kamfani.

Da hantsi waya ta shigo.

"Alhaji, mutanenka suna cikin haɗari. Na'urarsu ta yi kira, sannan ta yi shiru."

Na buga wa Bukar, babu sabis. Ashe ruwa ya cinye hanya, motar ta kife, injiniya ya karye a cinya.

Na bi jami'an agaji da masu kwalekwale. Lambobin taswira da Abuja ta bayar suka kai mu kan motar daidai, tayoyinta a sama, babu kowa. Ko'ina ruwa, gero ya nutse har wuya.

Shugaban jami'an ya ce, "In ba ta sake kira ba, sai lalube. Me zai sa mutum ya kashe ta?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, Bukar ne. Wayarsa ma kashe ta yake yi tsakanin kira da kira, kada caji ya ƙare."

Muka yi ta kewaya muna kwaɗa kira har la'asar. Sai Abuja ta sake bugowa: na'urar ta kunnu, a arewa da mu. Jami'in ya ɗaga abin da yake sauraron kiran na'urar da shi, ƙarar tana ƙaruwa muna binta, har muka hango su a kan wani tudu da ruwa ya kusa shafewa. Mutum yana zaune a ofis, bai taɓa jin sunan Gololo ba, ya nuna mana su ta sararin samaniya.

Bukar ya goyo injiniya har can. Yana ganina ya miƙo na'urar.

"Alhaji, ko rabin cajin ban ci ba."

"Bukar, ai mu ka ci! Da ka bar ta a kunne, da tun azahar kuna asibiti."

Jami'in ya yi masa bayani cewa batirinta yakan kwana ya wuni yana kira. Injiniya ya rayu, da ƙafarsa.

Ku da kuke tasowa a wannan sana'a, rashin wuta ya koya mana tattali, kuma ya yi mana rana. Amma duk direban da na miƙa wa wannan na'ura, sai na ce masa: in ka danna, ka fuskantar da ita sama, ka cire hannunka. Akwai masu saurare.