Ladanin Rumbu

Duk wanda ya girma a ƙauyen nan na arewa da Filinge, muryar Ɗangoma ce ta saba tashe shi da asuba. Uwarsa Tambara 'yar bori ce, Bakurfaya ta asali, amma shi tun yana saurayi ya bi malamai har ya zama ladan. Da damina yana gonar geronsa, rana na karkata ya jingine hauya ya nufi masallaci.

Ciwon ya zo masa bayan furfura. Ya fara jin muryoyi cikin kansa, maza da mata, suna zaginsa ba dare ba rana. Dangin uwa suka ce iskokin Tambara ne ke biɗar gadonsu, a yi masa girka. Malamai suka ce aljani ne, suka ɗura masa rubutu har cikinsa ya ƙi tuwo. Kowa ya zama boka a kansa, amma ba wanda ya tambaye shi abin da ke sanyaya masa rai. Matarsa Haske kaɗai ta sani. In ya toshe kunnuwa da yatsu ya ɗaga murya da kabbara, sai muryoyin su yi tsit kamar kaji sun ga shirwa.

Wata rana da hantsi, ana tsakiyar girbi, muryoyin suka taso masa fiye da kullum. Ya ruga masallaci ya kwaɗa kira. To, a garin nan kiran salla ba kan lokaci ba ma'anarsa ɗaya ce: gobara. Maza suka watsar da dammunan gero, mata suka fito da tuluna, wata tsohuwa ta faɗi ta karye. Aka iso ba wuta ba hayaƙi, sai Ɗangoma tsaye yana sauke ajiyar zuciya. A ranar aka ba maƙwabcinsa Garba ladanci.

Haske ta kai shi asibiti a Yamai, lokotoro ya ɗora shi kan magani. Muryoyin suka ja baya, ba su dai tafi ba. Da ya dawo ya sa farar rigarsa, ya je ya durƙusa gaban Liman Mamman.

"Allah gafarta Malam, na samu sauƙi. A maido mini kirana."

Liman ba mugu ba ne, shi ya sa abin ya fi ciwo. Ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗangoma, tahi ka huta. Mai irin lalurag ga taka an ɗauke mai alƙalami. Ko salla ba ta hau kanka ba, balle kira. Ba a rubuta maka komi."

"Komi, Malam?"

"Komi."

Shi liman a ganinsa albishir ya yi. Ɗangoma kuwa ya tashi da ƙyar, baƙin ciki ya cika shi. Zunubi ne kawai aka daina rubutawa, ko har da lada? Kunya ta hana shi tambaya.

To, akwai wani tsohon rumbu a bayan gidansa, babu ko zangarniya a ciki. Da Garba ya gama kira, sai Ɗangoma ya taka tsani ya shiga, ya ja murfi, ya toshe kunnuwa ya yi nasa, don kada gari ya sake fitowa da tuluna. Haske na tsayawa a gindin rumbun tana amsawa a hankali. Maƙwabta sun sani. Sun daina dariya, sun kuma daina gaishe shi da Ladan.

Rannan da azahar ya fito jiƙe da gumi, ƙaiƙayi a gemunsa, ya tsaya bisa tsani yana dubanta.

"Haske, kina ga an rubuta wanga?"

"Ni dai na jiya, Malam. Kuma na amsa."

Ya ce, "Ai ba ke ka rubutawa ba."

Ya sauko ya zauna a inuwar rumbun, yana jiran la'asar.